Karce Arba'in da Ɗaya

Shekarun baya can, ina sabon ma'aikaci mai buga tafireta, na faɗi da babur a hanyar Abakpa. Ba mota ce ta buge ni ba, akuya na kauce wa, ita kuwa ko waiwayowa ba ta yi ba. Ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye har ya huda fata.

A asibiti likita ya ce wa mahaifina hanya biyu ce. Ko a tsaga ƙafar a ɗaure ƙashin da sabon ƙarfe ya zauna a ciki, ko a soka ƙusoshi ta waje a haɗa su da sanduna, kamar an yi wa ƙafar shinge.

"Na wajen ya fi araha nesa ba kusa ba, Alhaji, don aronsa za mu ba ku. In ya warke a kwance, a tafasa, a sa wa wani. Amma fa sai ya yi wata uku cur."

Mahaifina na dab da ritaya, ga ƙannena biyar a makaranta. Ya ce a sa na aron.

Bayan sati biyu na koma wankin ciwo. Ina zaune a benci da hantsi, wata mata ta tsaya ta ƙura wa ƙafata ido. Can ta durƙusa ta shafa sandar ƙarfen.

"Malam, wannan na maigidana ne. Ga shaida nan. Kullum in ya idar da asuba sai ya karce shi sau ɗaya da reza, yana ƙirga kwana."

Na ce, "Allah sarki. Yaya jikin nasa yanzu?"

"Da shi a ƙafarsa ya cika. Sai da aka kwance kafin a yi masa wanka."

Ta gyara mayafi ta wuce. Ba ta faɗi abin da ya kashe shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Ina isa gida na ƙirga. Karce arba'in da ɗaya, a jere, na ƙarshen bai kai rabin sauran ba.

Daga ranar na rasa sukuni. Ni da nake yi wa mahaifiyata dariya in ta yi zancen iskoki, sai ga ni ina lissafin nawa kwanakin. Rana tsaka, ana zufa, ƙarfen nan sanyi ƙalau. Wata safiya ina lazimi na ji wani ɗan sauti, ƙiris, ƙiris. Na duba, ashe farcena ne ke kankarar sandar, daidai gefen karcen ƙarshe. Wallahi ban san na kai hannun ba.

Na gaya wa mahaifina. Ya ce, "Ƙarfe ne fa, an tafasa shi. Kai da karatunka?"

Ran kwana talatin da takwas na kasa daurewa. Abokina ya kai ni wurin wani tsohon malamin asibiti mai shagon magani a Hayin Banki, muka yi masa ƙarya cewa likita ya ce lokaci ya yi. Ya zare ƙusoshin, ya naɗe ƙafar, muka mayar wa asibiti ƙarfensu. Kwana na arba'in da ɗaya ya zo ya wuce ina raye, har ina jin na yi dabara. Sati guda bayan nan na taka ƙasa, ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Aikin mai tsadar da muka guda, shi aka yi. Mahaifina ya sayar da filinsa na Unguwar Dosa, inda ya ci burin gina gidan da zai huta. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma a gidan haya ya rasu. Wannan ya fi ɗingishin da nake yi har yau ciwo.

Na dai koyi cewa mai arahar ba shi da laifi, tsorona ne ya ci filin. Amma kada in cika baki. Ina kwance bayan aikin aka kawo wani direba gadon kusa da ni, da ƙarfen nan a ƙafarsa. Ya shafa sandar ya ce, "Malam, wannan zanen na mene ne?"

Na ce masa ban sani ba. Aka sallame ni yana da kwana tara da ƙarfen, kuma har yau ban iya tambayar kowa yadda ya ƙare ba.