Takalmin da Ya Yi Kaɗan

A layinmu ba a yar da takalmin yaro. In ya matse ɗanki, sai ki kai wa Baba Ƙusa, mai gyaran takalmi da ke zama a gindin katangar kantin magani. Yara ne suka laƙaba masa sunan, don kullum bakinsa cike yake da ƙananan ƙusoshi, ko gaisuwa ta gefen baki yake amsawa. Zai ɗinke takalmin, ya goge, ya jefa a tsohon akwatinsa na ƙarfe. Bayan kwana biyu sai ki gan shi a ƙafar ɗan maƙwabciya, kuma ba mai tambayar na wane ne.

Ya fi iyaye sanin ƙafafun 'ya'yansu. Ni da na haifi Auta, sai da ya tare ni a hanya ya ce, "Maman Auta, yaron nan ɗingishi yake, ba ki lura ba?" Haushi ya kama ni, na ce ya ji da gudumarsa. Da na koma gida na duba, ashe ɗan yatsan ya kumbura har ya fara ruwa. Washegari na kai takalmin ina sunkuyar da kai, ya karɓa ya jefa a akwatinsa.

Shi ma yana da ɗa, wata ɗaya aka haife su da Auta. Yaron yana shekara huɗu auren ya mutu, uwar ta tafi da shi wani gari mai nisa. Shekara tara ba labari. Bai taɓa zaginta a gabanmu ba, amma duk wanda ya ga yadda yake bin Auta da kallo ya san abin da ke cinsa: bai san ko ɗansa yana yawo ƙafa a ƙasa ba, bai san ko akwai mai dubawa ba. Abin yana ba ni tausayi har ina kawar da kai.

Da ƙanena direba ya fara kai kaya garin, Baba Ƙusa ya roƙe shi ya nemo gidan. Ya kira Auta, ya ɗora ƙafarsa a kan kwali, ya zana ta da fensir. Kwana uku ya yi yana ɗinka wa ɗansa takalmi da wannan awon, ya bar namu suna jira, muna ta mita, sannan ya sa shi a leda ya ba ƙanena.

Ranar da ƙanena ya dawo ina wurin. Ya miƙa masa ledar yadda ya karɓe ta, ya ce, "Baba, ya yi masa kaɗan. Ɗanka ya fi Auta tsawo nesa ba kusa ba."

Baba Ƙusa ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa. "To me yake sawa?"

"Yana da mai kyau. Akwai wani mai gyaran keke a ƙofar gidansu, shi ya saya masa. Shi yake kai shi makaranta, shi ya koya masa keke." Ƙanena ya kalle ni, na harare shi don ya yi shiru, amma bakinsa ba ya da birki. "Baba ma yake ce masa."

Na ɗauka tsohon zai fashe. Ya daɗe yana juya takalmin a hannu, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Can ya jawo kwali, ya yanka gida biyu, ya haɗa da fensirinsa ya miƙa wa ƙanena.

"In ka koma, ka zano min ƙafar yaron," in ji shi. "Ɗaya kwalin kuma na ƙafar mai keken ne. Ka ce masa uban yaron yana gaishe shi, ya ce an gode."