Masuncin da Na Zaɓa wa Alhaji Manu

Ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar da shugaban sashenmu ya ɗora mini aikin da ba na tuƙi ba. Ni direba ne, mataki na huɗu, a wani ofishin kula da noma da kamun kifi a Kalgo. Ku abokan aiki, na sha ba ku labarin nan da baki. Yanzu da ajin yaƙi da jahilci ya buɗe mini hannu, na ce bari in rubuta shi.

Lokacin kaka ne, an fara yankan shinkafa a fadama. Na shiga ofis da safe na tarar da baƙo zaune. Alhaji Manu ne, mutumin Gwandu, wanda ya riƙe sashen nan kafin ya yi ritaya. Shi ya sa hannu a takardar ɗaukata aiki. Na durƙusa a gabansa, amma sai da na yi magana ya gane ni.

"Arzika ne? Muryarka ba ta tsufa ba."

Shugaba ya ja ni waje ya ce idon Alhaji yana dushewa, likitoci sun ce ba zai dawo ba. Ranar Alhamis 'yarsa za ta zo ta tafi da shi Kaduna, can zai zauna. Kafin nan yana son a kai shi gulbi. "Mota na hannunka yau da gobe. Ka zaɓa masa masunci na kirki. Kada mu ji kunya."

A hanya Alhaji ya gaya mini abin da ya kawo shi. Yana yaro an kai shi wajen dangin mahaifiyarsa a bakin gulbi. Kawunsa ya koya masa wata irin fatsa da ba a sa mata dalma ko tana. Fara mai rai ake maƙalawa a ƙaramar ƙugiya, a jefa ta tana yawo a saman ruwa, sai kifin da ake kira kawara ya taso daga ƙasa ya fizge ta. Ya ce, "Shekara hamsin ina cewa in na huta zan koma. Na huta, ido kuma ya ce zai tafi. So nake in ga ta taso, ko sau ɗaya."

Na ji maganar da kunnena, amma hankalina yana kan kada mu ji kunya.

Ga waɗanda ba su san ƙa'ida ba, ba a shiga ruwa da baƙo sai an kai goro wajen Sarkin Ruwa, wato shugaban masunta, ya ba da izini. Bayan nan ake zaɓar wanda zai ɗauki baƙon. Ofis yana da sunayen masu jirgin inji da rigunan kariya, su muke ɗauka in manya sun zo. Da na miƙa goro, Sarkin Ruwa ya tambaye ni, "Mi baƙon naka ka so?" Na ce, "Kifi mana, ranka shi daɗe." Na wuce na ɗauki Sanusi, wanda ya fi kowa ladabi a bakin gulbin.

Sanusi ya shimfiɗa darduma a jirgi, ya kafa laima. Ƙarar inji ta kori kawara tun daga nesa, sai ya koma tana da dalma. Shi ke sa tana, shi ke jefawa, in kifi ya kama ya durƙusa ya miƙa wa Alhaji gorar fatsar: "Ranka shi daɗe, ja." Duk lokacin da Alhaji ya kai hannu wajen ƙugiya, sai ya ce, "Subhanallahi! Muna raye za ka taɓa tana?" Ni kuma ina gefe ina cewa gaskiya ne. Muka fito da kwando cike da tarwaɗa.

Alhaji ya yi godiya, ya sa wa Sanusi albarka. Na mai da shi har ƙofar gidansa a Gwandu. Ya ce, "An karrama ni yau, Arzika. Gobe ka huta, ba sai mun koma ba."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu kacal mutumin nan yake da su, na cinye masa ɗaya.

Ban wuce gida ba. Bayan la'asar na koma wajen Sarkin Ruwa na zayyana masa komai. Ya yi dariya. "Da kac ce haka tun sahe! Nomau za ka nema, shi kaɗai ya rage mai wagga fatsa. Amma ba shi da kunya bisa ruwa. Ko ni, in na shiga jirginai, zagi nika sha." Baba Nomau ba ya cikin sunayen ofis, kwalekwalensa ma tsoho ne. Na kira shugaba a waya. Ya ce in ari rigunan kariya, kuma in aka ci mutuncin Alhaji, a wuyana.

Laraba ina idar da sallar asuba na kama hanyar Gwandu. Alhaji ya ce, "Ba na ce ka huta ba?" Na ce, "Ranka shi daɗe, jiya kuskurena ne. Ka ba ni yau." Ya daɗe yana juya carbi, sannan ya ce a ɗauko masa sandarsa.

Baba Nomau bai tashi daga inda yake zaune ba. Ya dubi Alhaji sama da ƙasa.

"Da wagga rigar biki za a shiga ruwa? Tuɓe. Ina fararka?"

"Ba a tanada ba?"

"Wa za shi tanada ma? Ga ciyawa can. Raɓa ba ta bushe ba, ba su iya tashi."

Na ga tsohon shugabana durƙushe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yana lalube da hannu. Na yunƙura zan taimaka, Baba Nomau ya ce, "Direba, ko ka koma mota ko ka zauna." Na zauna. Da ƙyar Alhaji ya kama huɗu. Wajen sa ta farko ƙugiya ta soke shi a yatsa.

"Wanda ya koya ma ya yi asarar bakinai," in ji Baba Nomau.

"Kawuna ne," in ji Alhaji yana tsotsar yatsan, "kuma ya fi ka iya zagi."

Ranar na fara jin dariyarsa tun zuwansa.

Baba Nomau ya tuƙa a hankali, filafilinsa ba ya ko motsa ruwa. Ya kai mu ƙarƙashin wata giyayya inda ruwan ya yi duhu, ya juya kwalekwalen har rana ta koma bayan Alhaji. Ya ce kada ya jefa nesa, nan kusa da jirgi. Daga baya na gane dalili. Ya lura da idon ba tare da kowa ya gaya masa ba, ya nemi wurin da farin abu zai fito fili.

Fara ta farko ta suɓuce tun a iska. Ta biyu aka ɗauke ta Alhaji yana goge ido, ƙarar ruwan kawai ya ji. Ta uku ta nutse. Ya sa ta huɗu, ya jefa. Tana shure-shure a saman ruwa, mu uku ba mai numfashin kirki. Ban san tsawon zaman ba, amma inuwa ta fara janyewa.

Sai ruwan ya tsage. Wani farin abu ya taso ya juya gefe, ya koma. Alhaji ya makara wajen ja, ƙugiya ta dawo babu komai.

"Barci ka yi!" in ji Baba Nomau.

"Na gan ta," in ji Alhaji. "Arzika, na gan ta. Fara sol."

Hawaye na bin gemunsa. Baba Nomau ya ɗora filafili a cinya ya kau da kai. Ya bar mu a ƙarƙashin giyayyar har kusan azahar. Muka fito ba kifi ko ɗaya.

Alhamis 'yarsa ta zo. Ban sake ganinsa ba. Baba Nomau ma ya daina shiga ruwa, gwiwa ta hana shi. Duk kaka in aiki ya kai ni bakin gulbi, nakan ji da ma a ce in juya mota in ɗauko su duka biyu, in zauna a tsakiyar kwalekwalen nan ina jin suna faɗa.

Ku da za ku riƙa kai baƙi ruwa, ku saurari abin da ya kawo mutum kafin ku duba girmansa. Mun iya karrama manya a aikin nan, har mukan karɓe musu abin da suka zo yi da hannunsu. Sanusi bai yi laifi ba, abin da muka koya masa ya yi. Ni ne aka gaya wa gaskiya a cikin mota, na je na zaɓi mai laima.