Injin da Aka Dasa a Ƙofar Gida

Akwai ranar da har yau in na tuna ta abinci ke fita raina: ranar da aka ƙaddamar da injin matse gyaɗa a wani ƙauye da ke bayan Dandamisa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha ganin hoton ranar a bangon ofis, mata sun jeru cikin hijabi, kowacce ta ɗora hannu a kan inji. Wasunku har tsokanata suke, wai me ya sa ni kaɗai na ɗaure fuska kamar an aiko mini da saƙon mutuwa. To ku gyara zama ku ji.

Lokacin ina ƙaramar malamar gona. Ga wanda bai sani ba, aikin malamin gona shi ne bin ƙauyuka yana kai wa manoma sabon iri da sabuwar dabara, ya kuma dawo wa ofis da kukansu. Mu mata dalili ɗaya ya sa ake ɗaukarmu: muna shiga inda maza ba sa shiga. Abokin aikina zai tsaya a zaure yana rafka sallama, ni kuwa in wuce har gindin murhu.

Bayan kaka aka ce ofishinmu ya tura mutum ɗaya kwas a Zariya, wai shi Jinsi da Fasaha. Mazan ofis suka ji sunan, suka ce wannan ai na mata ne. Shugaban sashenmu, Alhaji Sale, ya kira ni yana dariya ya ce, “Rabi, je ki koyo yadda za ku ƙwace mana mulki.” Na tafi ba da son raina ba, don na ɗauka zama za a yi a zagi maza, a sha shayi, a watse.

Ba haka na tarar ba. Malamar da ta koyar da mu, Dakta Asabe, ranar farko ko alli ba ta taɓa ba. Ta shigo da tankin feshi, irin wanda ake goyawa a baya, cike da ruwa, ta ce kowa ya goya ya zagaya aji. Maza suka zagaya suna taƙama. Da aka zo kan wata ɗaliba daga Kudan mai goyon jariri, sai ta tsaya tana kallon tankin, muna kallonta. Dakta ta ce, “Wanda ya ƙera wannan ba mugu ba ne. Bai dai taɓa tunanin akwai bayan da wani ya riga shi hawa ba.” Wallahi na daɗe ina raba tankunan nan a ƙauyuka, ban taɓa lura ba. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, irin na wanda aka buɗe wa taga a ɗakin da ya saba zama cikin duhu.

Akwai maganar da take maimaitawa har muka haddace. Takan ce idan an kawo kayan zamani gari, kada ka tambayi sunan wa aka rubuta a jiki. Ka tambayi wa zai iya isa wurinsa da rana tsaka ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Tsarin kwas ɗin rabi a aji ne, rabi a fili. Kowane ɗalibi zai zaɓi masu wata sana’a, ya zauna da su, ya ba da shawarar kayan aiki ɗaya da zai rage musu wahala. Wata ƙungiya da ke ɗaukar nauyin kwas ɗin ita za ta saya, ofishin ɗalibi kuma ya kula da kafawa. Daga ƙarshe ka rubuta rahoto ka kare shi gaban malamai.

Ni na zaɓi Inna Talatu. Mijinta ya rasu ya bar ta da ’ya’ya, tana zaune a gidan yayan mijin, Malam Iliya. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli su ne cinta da shanta, da su take riƙe da marayunta, kuma matan gidan da na maƙwabta a wurinta suke samun na sabulu. Manta ya yi suna. Masu ƙosai a kasuwar Makarfi ba sa sayen na kowa in nata bai ƙare ba, har daga Ikara ake aikowa. Amma ku ga hannuwanta. A soya gyaɗa, a murje, a kai niƙa, sannan a zauna gaban turmi ana juya ƙullin da ruwan zafi har mai ya taso, a matse da hannu. Wuyan hannunta ya kumbura, yatsunta sun karkace, ko buta da ƙyar take ɗauka da asuba.

Da na yi mata bayanin injin da ke matse mai cikin ɗan lokaci, ba ta yi murna nan take ba. Ta ce, “Malama, a ina zai zauna?”

Na ce, “Nan tsakar gida, Inna, kusa da ɗakin girkinki.”

Sai a sannan ta yi murmushi. Na samu Malam Iliya a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na roƙa ya bar injiniya ya shigo ya kafa inji a tsakar gida. Bai ja ba. Ya ce, “Injiniya ma’aikaci ne. Ya shigo, zan tsaya a kansa, iyali su shige ɗaka har ya gama.” Na rubuta a shawarata, har na ja layi a ƙarƙashi: a kafa inji a cikin gida.

Inji ya iso. Tare da shi kuma labari ya iso cewa za a yi bikin ƙaddamarwa, manyan baƙi za su zo daga Kaduna, da ’yan jarida da masu kyamara. Ka’idar ƙungiyar ce: duk abin da suka saya sai an ga wakilinsu tsaye kusa da shi yana aiki, a hoto. Muka koma wurin Malam Iliya ni da Alhaji Sale. Dattijon ya saurara har aka gama, ya ce, “Alhaji, gidan nan ba kasuwa ba ne. Mutum ɗaya mai aiki daban, taron maza da na’urar hoto a kan iyalina daban.” Har yau ban ga laifinsa ba. Ko Alhaji Salen ba zai yarda a yi haka a gidansa ba.

A mota Alhaji ya yanke hukunci. Ya ce a ajiye injin a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, na yini ɗaya kawai. Baƙi na juya baya a shigar da shi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, gindin darbejiyar nan majalisar maza ce. In ya zauna a nan, matan ba za su taɓa shi ba.”

Ya ce, “Na ce yini ɗaya. Ke kwas aka tura ki, ba shugabanci ba.”

Na koma Zariya don akwai darasi. Da na dawo ana gobe taro, tun daga nesa na hango sabon kwano yana ƙyalli a ƙofar gidan. An yi rumfa. A ƙarƙashinta an zuba siminti, an dasa ƙafafun injin da manyan ƙusoshi, ya bushe ƙam. Na tambayi injiniyan wa ya sa shi. Ya ce, “Hajiya, injin nan girgiza gare shi. In ban dasa shi ba, rawa zai yi ta yi gaban baƙi. Ni abin da aka ce mini shi ne ya yi aiki ranar taro.” Shi ma gaskiyarsa. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan ke nan: duk wanda na tunkara, da gaskiyarsa a hannu.

Aka yi taro. Aka yi jawabai a kan ’yantar da mata daga wahala, aka tafa. Malam Iliya ya yi kara ya bar matan suka fito na ɗan lokaci, aka jera su, mai hoto ya ce kowacce ta ɗora hannu. Da aka zo tayar da inji, igiya ce ake fizga da ƙarfi. Inna Talatu ta gwada, hannun ya ƙi. Sai Sani, babban ɗan Malam Iliya, magidanci mai injin niƙa a bakin hanya, ya matso ya fizga sau ɗaya, inji ya ɗauka. Mai ya zubo, aka yi kabbara. Matan suka koma ciki. Yawancinsu taɓawar farko ke nan, kuma ta ƙarshe.

Washegari na je wurin Alhaji Sale na tuna masa alkawari. A nan na koyi wata ka’ida da ba a koya mana a aji ba. Duk kayan da aka ƙaddamar sun zama kadara, kuma an san su da inda aka gan su. Ɗaga su sai da amincewar waɗanda suka saya. Ya ce in rubuto. Na rubuta. Aka ce ana dubawa. Na sake bi, aka ce jami’in da ke kula da shirin ya koma wata jiha. Daga baya aka ce shirin ma an rufe shi, babu wanda zai sa hannu a fasa simintin da aka riga aka nuna wa duniya.

Inna Talatu ba ta zauna ba. Da yake ta manyanta, wata safiya ta yafa mayafi ta fito da ƙullinta ta zauna gindin injin. Majalisa ta yi tsit. Babu wanda ya ce mata komai, amma babu wanda ya ci gaba da hira har ta tashi. Da yamma Malam Iliya ya ce mata, cikin lallashi, matar ƙaninsa ba za ta zauna bakin hanya tana aiki maza na kallo ba, ta riƙa bai wa Sani ya matse mata. Ƙananan matan kuwa maganar fitarsu ma ba ta taso ba.

Sani ba azzalumi ba ne, kada ku ɗauka haka. Da farko matse musu yake yi su ba shi na fetur. Amma mutum ne mai ido. Ya ga abin da injin ke fitarwa kafin azahar ya fi abin da gidan gaba ɗaya ke fitarwa a mako. Sai ya fara sayen gyaɗarsa. Ƙullin mata ya koma jiran layi, sai ya gama nasa. Mansa ya fi araha, ga shi da babur yana kai wa har rumfunan kasuwa. Masu ƙosan Makarfi suka koma wurinsa ɗaya bayan ɗaya. Injin da na roƙo don hannun Inna Talatu ya huta, shi ya raba ta da masu sayen manta.

Gab da damina aka kira mu kare rahoto. Abokan karatuna suka zo da labarai masu daɗi. Ni na tsaya na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Na zaci za a kayar da ni. Sai ga shi ni na zo ta ɗaya. Dakta Asabe ta ce ba ta taɓa samun rahoton da ya nuna darasin kwas ɗin kamar nawa ba, da shi za ta riƙa koyar da ’yan baya.

Bayan an watse na bi ta har mota. Na ce, “Dakta, injin fa?”

Ta ce, “Rabi, na kira mutanen ƙungiyar har na gaji. Mu makaranta ne. Muna da ikon ba ki maki, ba mu da ikon fasa siminti.”

Ina sonta har gobe, amma ranar na tsani takardar shaidar kwas da ke hannuna. Da ita aka yi mini ƙarin girma. Alhaji Sale da kansa ya taya ni murna, ya sa aka manna hoton nan a bango.

Na daɗe ban iya zuwa ƙauyen ba. Da na daure na je, na wuce injin yana ta ruri a ƙofar gida, maza sun kewaye shi da jarkoki. A ciki na tarar da Inna Talatu gaban kasko. Turmin an kife shi a gefe, kaji na hawa. Matan maƙwabta da ke cika gidan da hira babu ko ɗaya. Tunkuza take saya a wurin Sani, wato dusar gyaɗar da ta rage bayan an matse, tana mulmula ƙuli-ƙuli. Injin kuma yana matsewa ƙarƙaf, ba ya barin ko ɗigo, don haka man da take suya da shi ma a wurinsa take saya. Babbar ’yarta ta bar makaranta tana aikatau a Makarfi.

Muka gaisa, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Malama, karatun naki fa? An ba ki takardar?”

Na ce, “An ba ni, Inna.”

Ta ce, “To madalla. Ashe dai wahalar ba ta tashi a banza ba.”

Ba gatse ta yi mini ba. Da gatse ne da na samu sauƙi. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda, ta ce in kai wa yara, ta hana ni sa hannu a jaka.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, ba a cika cutar da mutanenmu da mugunta ba. Da son a gani ake cutar da su, da “na yini ɗaya ne”, da mutanen kirki waɗanda kowannensu ya yi aikinsa daidai ya tafi gida. Shi ya sa kuke ganin ina da taurin kai a taro. Duk wanda ya zo mini da kayan tallafin mata, ba na tambayar kuɗinsa ko ƙarfinsa. Ina tambayar inda za a zuba siminti, kuma ranar zubawa ina tsaye a wurin.

Hoton kuwa ni na hana a cire shi. In kun wuce ku duba ta biyu daga hagu, mai kumburarren hannu a kan injin. Ita ce mai shi.