Yunwar da Na Sha a Gaban Surukina

Ni baduku ne. A Azare aka haife ni, a nan kuma na tsufa ina ɗinkin takalma da gafaka. Amma a shekarun ƙarfina, da zarar an gama girbi an kai gero rumbu, sai in ajiye basilla in ɗauki baka. Mukan taru mu maharba, Sarkin Baka a gaba, mu nausa arewa zuwa fadamar kogin Katagum, mu kafa bukkoki mu yi ta farauta har sai naman banda ya fi ƙarfin kanmu. Ba zan ɓoye ba, rabin abin da ke kai ni dajin nan cikina ne. A gida nama sai ranar suna ko Sallah. A daji kuwa mutum kan ci har muƙamuƙinsa ya gaji.

Abincin sansani ba shi da tsaka-tsaki. Ranar da aka yi sa'a, hantar gada ce a kan garwashi, a barbaɗa mata gishiri da yajin ƙuli, mutum yana ci tana ƙona masa yatsu. Ga zabi a tsire, ga tarwaɗar da aka lalubo a taɓo, ga nonon da muke musanya da nama a rugar Fulani mu dama fura. Ranar da daji ya hana kuwa, sai tuwon dawar da maza suka tuƙa, sama ɗanye ƙasa ƙonanne, da miyar kuka tsararo wadda kana iya ganin gindin tukunya ta cikinta. Mun taɓa dafa wani tsohon gwanki tun hantsi har la'asar, ƙarshe karnuka ma shinshinawa suka yi suka kwanta. Duk da haka mun ci, muna zagin mai girkin muna dariya.

Shekarar da na yi aure, lokacin da sojojin da suka je yaƙin duniya a ƙasar Bama ke dawowa gida, damina ta yi ƙaranci, tafkuna suka ƙafe da wuri. Da muka isa inda muka saba sauka, sai muka tarar maharban Chinade sun riga mu, don nan kaɗai ruwa ya rage. Aka gaisa, manya suka shirya a haɗa sansani a haɗa tukunya. Ina cikin murna an ƙaru, sai na hango wani dogon dattijo yana gyara tsirkiyar bakansa a gindin marke. Surukina ne, uban matata.

Bafulatanin gida ne, mai ƙarancin magana, matata kuma 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya kamawa. Na cire takalma tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda ya kamata. Gaisuwa ba ta da wuya. Abin da ya dame ni shi ne, a wurinmu mutum ba ya kai loma baki a gaban surukinsa. A gari wannan ba komai ba ne, sai a kai maka kwanonka wani ɗaki. A daji kuwa maharba suna da tasu doka: duk abin da aka kashe wuri ɗaya ake kawo shi, a zauna a ci tare, wanda ya ware da nama ya ci shi kaɗai, cewa ake yi ya kori sa'ar jama'a. Sarkin Bakanmu kuwa ba ya wasa da wannan.

Yammacin nan kamar da gayya aka samu barewa mai ƙiba. Aka jera tsire, kitse na ɗiga a wuta, ƙanshi ya cika sansani. Aka ce bismilla. Na dubi inda dattijon ke zaune daura da ni, na dubi naman, sai na ji bakina ya ce cikina ke ciwo.

Da na san abin da zai biyo baya da na nemi wata ƙaryar. Sarkin Baka mutum ne mai ji da kansa wajen magani. Nan take ya kwance burgamensa na magani, ya jiƙa sassaƙen maɗaci a ƙoƙo, ya tsaya a kaina sai da na shanye. Ɗacin nan har cikin kunnena na ji shi. Sannan ya yanke hukunci: ba nama, ba nono, sai kunun kanwa safe da yamma, a kai mini bukka tunda mara lafiya ne ni.

Akwai taubashina a cikinmu, ɗan goggona, wanda ya san komai don shi ya yi mini abokin ango. Maimakon ya tausaya mini, sai ya mai da ni abin nishaɗinsa. Shi ke kawo mini kunun, yana tafe yana sakace. Ya zauna a ƙofar bukka ya ba ni labarin yadda ɓargo ya narke, da yadda aka rasa mai cin ƙirjin zabo har aka tilasta masa. Wata rana ma ya miƙo mini hannunsa wai in shinshina, ko lada ya samu. Na rantse masa in muka koma gida sai na ɗinka masa takalmi ƙafar hagu biyu.

Haka na yi ta fama. In mun fita daji sai in saci jiki in tsinci aduwa da magarya, in tauni goruba. Gumbar da matata ta yi mini guzuri ta yi tsami, kiyashi sun shige ta, na karkaɗe na cinye a bayan suri. Aduwar nan kuwa ta jawo mini ciwon cikin gaske, Sarkin Baka ya ga ina yawan zagayawa, ya ƙara maɗaci. Ban taɓa jin haushin dabbar da ta mutu ba sai a lokacin, don daji ya buɗe, kullum sai an shigo da nama, kullum ina bukka ina jin ƙarar ƙashi.

Abin ya daina zama wasa ranar da gada ta taso a gabana, na ja baka ba ƙarfi don yunwa, kibiya ta faɗi ko rabin hanya ba ta kai ba. Sarkin Baka ya gani. Ya ce in gobe ban warware ba zai haɗa ni da masu jakunan da ke zuwa Azare su kai ni gida. Na ji kamar in nitse. A ce 'yar maharbi ta auri mutumin da aka ɗauko daga farauta a kan jaki, hannu rabbana, kuma a kan idon ubanta? Har in mutu ba zan daina jin labarin a majalisa ba. In kuma na zauna na ci a gabansa, to da wane ido zan sake shiga gidansa?

Washegari da hantsi na yanke shawara zan karya dokar maharba, tunda ita babu mai gani. Na bi bakin kogi ni kaɗai, na laɓe har Allah ya ba ni zabuwa guda. Na yanka, na nufi wata duhuwar tsamiya inda hayaƙi ba zai tona ni ba. Ina kutsa kai sai na ji ƙaurin gashi. Ga wuta, ga zomo a tsire, ga surukina a tsugune yana juya shi, bakinsa da toka.

Na daskare da zabuwa a hannu. Sai a lokacin na lura da yadda kumatunsa suka faɗa. Ashe tun da aka kai ni bukka bai sake jiki ba. Daga baya na ji cewa shi haƙori ya ce yana damunsa, don a ganinsa bai dace ya yi ta cin nama ba mijin 'yarsa na jin motsin bakinsa ta zanar bukka, shi ma kuma Sarkin Baka bai bar shi haka ba, maɗacin ya ba shi ya riƙa kurkura.

Karen surukina na kwance a gefe, sai dattijon ya dube shi.

“Kai,” ya ce wa karen, “ni zan juya in kalli kogi, ina da abin dubawa a can. Wutar nan kuwa ba tawa ba ce, ta Allah ce. Abin da ke bayana ban gan shi ba.”

Ya juya. Na fige zabuwar, na gasa, na zauna na ba shi baya, ya ba ni baya. Na yagi cinya na ɗora a kan ganye na tura baya ba tare da na waiwaya ba. Can na laluba, sai na ji cinyar ta tafi, an ajiye gadon bayan zomo a wurinta, da ɗan ƙullin gishiri. Wallahi na ci nama a duniya, amma ban taɓa cin mai daɗin wannan ba. Gefe ɗaya ya ƙone, gefe ɗaya da jini-jini, akwai yashi a ciki, ina ci hawaye na zubo mini don daɗi. Ina jin ƙarar taunarsa yana jin tawa, kowa ya yi kamar kurma. Da ya ƙare ya yi hamdala a hankali, ya kira karensa ya bi gabas, ni na bi yamma.

Daga ranar kullum da hantsi ni da surukina kowa kan ga sawun wata dabba da ta nufi tsamiyar nan. Da la'asar ɗin ranar farko na harbo gada, Sarkin Baka ya tara jama'a yana yabon maɗacinsa da ya tashi majinyata biyu. Yana faɗa yana kallon taubashina, gefen bakinsa na motsi, har yau ina zargin Sarkin Bakan nan ya san komai tun daren barewa.

Na koma Azare da ƙafata, da banda cike da buhu. Bayan wani lokaci matata ta je ganin gida Chinade, ta dawo tana dariya tun daga zaure. Ta ce babanta, wanda bai taɓa yi mata zancena ba tunda aka ɗaura aure, ya tsaya a bayan danga ya ce wa innarta, yadda ita ma za ta ji: “A gaya wa yarinyar nan mutumin gidanta yana da kunya. Amma ta riƙa cika masa akushi, don yana da ci.”