Motar Shinkafar Malam Garba

Ko an tashe ni daga barci ba zan manta ranar da aka tare motar shinkafar Malam Garba Bahindi ba. Lokacin ina jami'in fasaha a wata ƙungiyar manoma a Bagudo, ƙarƙashin manajarmu Hajiya Kulu. Da yake muna bakin iyakar Benin, duk buhun da ya hau titi abin zargi ne sai an nuna a gida aka noma shi. Shi ya sa muka kafa bulokcen. Ga waɗanda ba su sani ba, rajista ce da kwafinta ke kan kwamfutoci da yawa, har da ta jami'an shinge. Kowane shafi ɗaure yake da na bayansa kamar sarƙa, kuma abin da aka shigar ba ya goguwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, manomanmu ba sa yarda a auna kaya babu shaidu biyu, balle da shari'a ta ƙara zama a zukatan mutane. Wakilanmu sai su naɗi muryar shaidun a waya su zuba cikin sarƙar kai tsaye. Bakabe kuwa, wato mutumin yankinmu, ba ya fara ba da shaida sai ya tambayi gida da gajiya da ruwan bana, kuma kowace gaisuwa sai ta kwafu a kowace kwamfuta. Kafin a ankara sarƙar ta yi ƙiba. In ka nemi buhu guda, sai ta faro daga shafin farko tana tafiyar hawainiya.

Da hantsi Malam Garba ya kira ni.

"Injiniya, ka zo. Sun ce shinkafag ga ta Benin ce. Noman shekara na, ɗana, ba ni da wani."

Na hau babur na isa shingen. Shugaban jami'an bai yi mini wulaƙanci ba. Ya nuna mini kwamfutarsa tana ta juyi, ya ce tun safe take nema. In la'asar ta yi babu hujja, motar za ta wuce ma'ajiyarsu, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Raina ya ɓaci, don na daɗe ina faɗin haka za ta faru. Na riga na haɗa fihirisa, wato jerin da ke nuna shafin kowane manomi bisa garinsa da kakar nomansa, amma Hajiya ta ce a dakata sai an gama girbi. Na kira ta.

"Ranki ya daɗe, ina neman izinin kunna fihirisar nan yanzu."

"In ta ɓata muna aiki fa?"

"Ba ta taɓa sarƙar, nuni kawai take yi. In ta ɓata, a wuyana."

Ta ce, "Bismillah."

Na rubuta garinsa Bahindi, na rubuta sunansa, sai ga lambar shafin. Na ce wa jami'in ya buɗe ta a nasa kwafin, kada ya dogara da nawa. Ya buɗe, ya kunna muryar. Shaidan farko ya daɗe yana gaisuwa har jami'in ya fashe da dariya, sannan ya faɗi gonar da yawan buhunan, na biyu ya tabbatar. Aka ƙirga, aka ɗage shinge. Malam Garba ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

A taron da ya biyo baya Hajiya ta ce a daina naɗar shaidu gaba ɗaya. Na ƙi, kuma ban ɓoye ba, don ranar da aka cire su manoma za su watse. Sai muka koma ajiye sababbin muryoyi a rumbu na daban, muna sa tambarinsu kawai a sarƙar. Tambarin 'yan haruffa ne da ake lissafowa daga muryar, ko tari aka yanke sai sun canza. Daga nan sarƙar ta daina kumbura.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kuna yawan alfahari cewa tsarinmu ba ya ƙarya. Haka ne. Amma na tsaya kusa da mutumin da guminsa na shekara ke kan titi, na ga idonsa. Tsarin da ya san gaskiya ya kasa faɗinta a kan lokaci, da shi da maƙaryaci duk ɗaya ne a wurin mai kaya.