Rawanin Rufe Dariya

Kafin ciwon nan ya same ni, babu mai iya rantsuwa a unguwar Manshiya cewa ina da haƙora. Shekarata nawa a Sabha ta ƙasar Libiya ina aza karo, wato tayil ɗin daɓe, a gidajen Larabawa, fuskata a murtuke. Ba mugunta ba ce, haka Allah ya yi ni. Matata ma takan ce ranar aurenmu a Damagaram na yi kama da wanda aka kawo wa sammaci.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki fuskar nan tawa ya mai da ita aikinsa: wani tsoho Balibiye mai gonar dabino a Zighan. Da ƙuruciyarsa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, can ya tsinci Hausarsa, mai karyayyen ƙugu amma ta ishe shi tsokana. Na je aza masa karo a falo, muka saba, har ya zama duk Juma'a yana zuwa ɗaukata mu sha shayi. Ina ce masa Haj, shi kuma ɗan Nijar yake ce mini. Ba labarin ban dariyar da bai gwada a kaina ba. Sai ya gama yana riƙe ciki, ni kuwa in ce, "To, Haj, sai me ya faru?" Ya ce wallahi sai ya ga haƙorana kafin ya mutu.

Ciwon ya fara ne da ƙafar hagu, ta riƙa jan ƙasa kamar ba tawa ba. Daga nan ido ɗaya ya yi hazo, hannu ya soma sakin cokalin siminti. Haj ne ya yi ta yawo da ni a motarsa har aka sa ni cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ce sunan ciwon dogo ne, in riƙe MS kawai. Wai jikina ne ke cinye rigar jijiyoyina, kamar yadda ɓera ke gwaguyar robar wayar lantarki. Ya ce in guji zafi. A Sabha! Na ce masa to, zan gaya wa rana.

Na ɗauka a jiki abin zai tsaya. Ashe har halina ɓeran zai ci. Da farko fushi ne, abu kaɗan in hau matata da faɗa, in dawo ina jin kunya. Sannan dariya ta zo. Ba dariyar jin daɗi ba. Wani abu ne ke tasowa daga ƙirji kamar shaƙuwa, ya buɗe mini baki, ba ruwansa da abin da ke zuciyata.

Ranar da ta fara kunyata ni, wani ɗan garinmu ne ya faɗo daga bene a wurin gini ya rasu. Muna zaune, liman na addu'a, an ɗaga hannuwa, sai na fashe. Wayyo Allah! Ina jin tausayin mamacin har cikin ƙashina, bakina kuwa yana ƙyaƙyatawa kamar an yi mini cakulkuli. Mutum biyu suka fitar da ni ta hammata. Kafin la'asar wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce na fara shan ƙwaya. Dattijon 'yan Nijar na unguwar ya zo har gida ya ce, "Malam, gaisuwar mutuwa dai mun yafe maka."

Likita ya ce wannan ma daga ciwon ne, yakan sa dariya ko kuka ba dalili. Matata ta riƙe maganar nan gam. Daga ranar ba ni da sauran fushi nawa na kaina. In na ce miya ba gishiri, sai ta ce, "Ciwon ne, maigida, zai wuce," ta ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma a wuya. Alhali kuwa miyar ba gishiri! Wannan ya fi jan ƙafar ci mini rai: in yi dariya a ce ciwo, in yi fushi a ce ciwo, ni kuma ina ina?

Haj shi kishi ya kama shi. Ya ce, "Kai ɗan Nijar, maci amana ne. Ni yi maka labari shekara da shekaru, babu. Ciwo ya zo jiya, ka ba shi haƙora duka." Amma shi ne ya samo dabara. Ya kawo tsohon rawaninsa na tuƙi, ya naɗa mini irin naɗin Buzaye, ya rufe baki da hanci. Ya ce mai dariya da mai kuka kafaɗarsu ɗaya, baki ne ke tona asiri.

Muka gwada a wata ta'aziyya a unguwar Mahdiya. A nan al'adarsu, 'yan'uwan mamaci maza kan jeru a bakin tanti, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ba kowa hannu kana cewa Allah ya girmama ladarsu. Haj ya karɓe sandata ya riƙe ni ta gwiwar hannu. Damata na gaisuwa, haguna na danne rawani a baki. Dariyar ta zo a mutum na tsakiya, kafaɗuna suka hau rawa, idona ya kawo ruwa. Sai ga ƙanin mamacin ya rungume ni yana ba ni haƙuri! Ni da ban taɓa ganin mamacin ba. A mota Haj ya yi dariya har ya kusa hawa kan shingen titi. Daga nan na yi suna da taushin zuciya, Allah ya yafe mana mu duka.

Haj ya rasu cikin tsakiyar zafi, ranar wata Talata, bayan ya dawo daga gona ya ce kansa na sarawa. Matata ta ce, "Maigida, don Allah kar ka je. Yi masa addu'a a nan." Na ce ko da jan ciki sai na je. Ba ni da wani a ƙasar nan kamarsa. So nake in tsaya gaban 'ya'yansa in ce na yi rashi, su kuma yarda.

Na naɗa rawanin, na shiga motar haya zuwa Zighan. Sai da na isa bakin tantin na ga abin da ban lissafa ba. Dama ta gaisuwa ce, hagu na kan sanda. Wa zai riƙe rawanin? Mai riƙe ni ɗin shi ne aka binne da safe.

Na wuce na farko lafiya, na wuce na biyu. Zafin tantin ya dake ni. Ina kama hannun babban ɗansa, abin ya taso. Na cije leɓe, na sunkuyar da kai, rawanin ya zame ya sauka a wuya. Na bushe da dariya a fuskar mutumin da ya binne ubansa, ga haƙoran nan duka a waje, waɗanda Haj ya yi ta nema.

Tanti ya yi tsit. Na so a mare ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai babban ɗan ya dafa kafaɗata, ya juya ga jama'a ya yi musu bayani da Larabci, sannan ya ce mini a hankali, "Baba ya gaya mana. Ciwon ne, ba komai." Aka zaunar da ni kusa da fanka, aka ba ni ruwan sanyi. Kowa ya yi mini kirki. Ba wanda ya yi mini gaisuwa.

Na koma gida ina neman kuka, ko ɗigo babu. Ciwon da ke sa ni hawaye don an yanka albasa a maƙwabta, ranar ya ƙi. Na yi ta zaginsa a zuciya.

Da kakar dabino ta zo, 'ya'yan suka aiko mini da kwali, kamar yadda ubansu ya saba kowace shekara. Da hantsi ne, ina zaune a tsakar gida. Na buɗe, na ɗauki ɗaya na sa a baki, na tuna gobe Juma'a, ba mai yi mini hon a ƙofa. Sai kukan ya zo, tun daga ciki, a hankali, ba irin na ciwon mai fisga ba.

Matata ta fito da sauri da jiƙaƙƙen tsummanta. "Ciwon ne, maigida, zai..."

Na ce, "Ajiye tsumman nan. Wannan nawa ne."

Ta tsaya tana dubana. Sannan ta ajiye shi a bakin bokiti, ta gyara ɗankwalinta, ta durƙusa gabana kamar baƙuwar da ta zo daga nesa.

Ta ce, "Maigida, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Haj."

Na ce amin.