Hannun Mai Gashin Burodi

Duk layin nan babu wanda bai san Baban Gidan Burodi ba. Mutum ne da bai iya yin komai da sanyin jiki ba. In faɗa ne, sai an rirriƙe shi. In so ne kuwa, to, sai dai a ce Allah ya kyauta. Matar da ya aura tun yana ɗaukar tire a ka, har ta yi furfura bai daina kiranta amarya ba, a gaban 'ya'ya, ko kunya babu. Ita kuwa sai ta harare shi, ta ce ya girma bai san ya girma ba.

A wurin aiki ma haka yake. Tiren da sauran ma'aikata ke kamawa da tsumma ninki biyu, shi da tafin hannu yake jawo shi daga wuta, wai neman tsumma ɓata lokaci ne. Tun yana ƙonewa yana ɗurar ruwa, har fatar ta yi kauri ta daina jin komai. Da wannan yake bugun ƙirji.

Wata safiya matar ta ce jikinta ba daɗi. Ya dafa goshinta, ya dafa wuyanta, ya ce babu zazzaɓi, gajiya ce kawai, ta kwanta ta huta. Ta yarda, don ta san bai taɓa wasa da lafiyarta ba. Washegari ma haka, ya dafa, ya tafi aiki da kwanciyar hankali. Sai da babbar 'yarsu ta leƙo gaishe su, ta taɓa uwar, ta janye hannu da salati.

"Baba, tun yaushe jikinta yake haka? Kamar garwashi fa."

"Ai ina taɓa ta," in ji shi. "Kullum sai na taɓa ta."

Da aka kai ta asibiti, likita ya ce an yi latti, ciwon ya riga ya ci jiki. Ba ta ƙara kwana ba.

Mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen layi, ranar ko kuka ya kasa. Abin tausayi, wallahi. Ya zauna a bakin gadon, ya riƙe hannunta ya ƙi saki. Da aka daɗe, 'yar ta durƙusa ta ce masa ya yi haƙuri ya sake ta, ai ta riga ta yi sanyi.

Ya ɗago ya dube ta. Sanyin ma bai ji ba.